Yadda Ake Aikin Sa Kai a Zumuntar Matasan Coci a Kpandai

Matasa ba su yi wa majami'un Kpandai ƙaranci ba. Abin da ke wuya shi ne babba guda da zai riƙa zama da su mako bayan mako ba tare da albashi ba. In kana da wannan niyya, ga hanyar bi.

Da farko ka je wurin fasto, ko Fada, ko katekis, ka faɗi niyyarka da yawan lokacin da za ka iya bayarwa. Kada ka yi alkawarin kwana uku a mako alhali yammacin Asabar kaɗai kake da shi. Kowace ɗarika da tsarinta: Presbyterian suna da JY ta ƙanana da YPG ta manyan matasa, wadda aka kafa a 1938, Katolika suna da CYO; sai Pentecost, da cocin ECG mai asibiti a garin, da Assemblies of God da ta soma aikinta na Gana a Yendi a 1931, kowa da nasa. Ka yi wata biyu kana zama a baya, kana jera benci, kana koyon sunaye, kafin ka karɓi jagorancin komai.

Sai batun harshe, kuma nan ne aikin yake. A ɗaki guda za ka tarar da ɗan Nawuri, da Konkomba, da Nchumuru, da Gonja, da Basare, da yaran masunta Ewe daga bakin kogin Oti. Turanci na 'yan makaranta ne. Da shi kaɗai za ka rasa yaron da ya wuni a gona. Ka zaɓi masu fassara daga cikin matasan, ka riƙa sauya su, a yi waƙa da harshen wannan yau, gobe da na wancan. Hausa da Twi sukan cike giɓi, tunda da su ake ciniki. Iyayen waɗannan yara sun ga rikicin Nawuri da Gonja na 1991 da yaƙin 1994 da idanunsu, saboda haka kada ka taɓa bari a raba ƙungiyar ƙwallo ko ta mawaƙa bisa ƙabila, ko da wasa. Ka sa su ƙirga ɗaya, biyu, uku, kowa ya bi lambarsa. Rigar jam'iyyar NPP ko ta NDC kuwa a bar ta a gida.

Na uku, ka tsara shekara da kalandar doya. Lokacin yin tulin doya da lokacin haƙa, yaro na gona tun asuba, kuma uban da ya ga taron coci ya janye masa ɗa ba zai sake barinsa ya zo ba. Ka guji ranar kasuwa. In jarrabawar BECE ta matso, ka mai da rabin taron darasin lissafi da Turanci. Iyaye sun fi ganin amfanin wannan fiye da kowane biki. Zuwa taro a Salaga ko Tamale a bar shi sai rani, don hanya ba ta da tabbas da damina.

Ka bi gida gida ka gai da iyaye. "Baba, ɗanka yana zuwa wurinmu ranar Asabar, ƙarfe shida zai dawo." In ka ce shida, ya zama shida. Gidaje da yawa sun haɗa Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya. Yaron da ba ɗan coci ba, sai da yardar iyayensa.

Akwai ƙa'idar da ba ta da sassauci. Dokar Yara ta 1998 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma ba a yi masa aure. Kada ka keɓe da yarinya ko yaro a ɗaki, kada ka goya yarinya a babur da dare, kada ka yi hira da su a WhatsApp bayan an kwanta. Kowane taro ya kasance da manya biyu, namiji da mace. In yarinya ta gaya maka ana taɓa ta, ko za a cire ta daga makaranta a aurar, kada ka yi mata alkawarin rufe baki. Ka sanar da fasto, a kai maganar ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ko sashen 'yan sanda na DOVVSU. Sulhun cikin gida a irin wannan yakan kare babba ne, ya bar yarinya.

Kuɗin baiko da na gudummawa, mutum biyu su ƙirga, a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa duk wata. Ko sidi ɗaya kada ya shiga asusunka na waya, wato MoMo.

Yawancinsu za su tafi, wasu sakandare, wasu Kumasi ko Akara neman kuɗi, har da 'yan mata masu zuwa dako a kasuwa. Kafin mutum ya hau mota, ka haɗa shi da wata ikilisiya a can, ka karɓi lambar wanda zai sauka a wurinsa. Kai ma, in malami ne ko nas, ana iya yi maka canjin wurin aiki kowane lokaci, don haka tun shekarar farko ka ɗauki matasa biyu su riƙa jan taro kana zaune, littafin kuɗi da mabuɗin akwatin ganguna suna hannunsu.