Allurar Ketamin da Ciwon Damuwa

Mai karatu, in an taɓa yi maka tiyata, ko ka yi jinyar wanda aka yi wa, wataƙila ka ji sunan ketamin. Allurar sa barci ce da aka fara haɗawa a Amurka a 1962, kuma har yau ana aiki da ita a ɗakunan tiyatarmu. To, me ya haɗa ta da ciwon damuwa?

Magungunan da aka saba bayarwa, irin su amitiriftilin, suna aiki ne kan sinadaran ƙwaƙwalwa kamar sirotonin, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida ana sha kafin a ga sauƙi sosai. Ga wanda ya daina cin abinci, ko tunanin kashe kansa ya fara zo masa, wannan jira ba ƙarami ba ne. Wasu ma sukan gwada kala biyu ko uku ba canji.

Ketamin hanyarta daban. Akwai wani sinadari, gulutamet, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka fi aika wa juna saƙo da shi. Ita kuwa tana toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da yake shiga, wadda ake kira NMDA. A shekarar 2000 likitocin Jami'ar Yale suka ba wasu marasa lafiya ɗan kaɗan ta jijiya, ƙasa da abin da ke sa barci, sai damuwar ta sassauta cikin awoyi. An sake gwadawa a 2006, aka sami haka.

Amma fa sauƙin bai cika wuce mako guda ba in ba a maimaita ba. Tana ɗaga hawan jini, tana sa jiri, mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa. Masu shanta don maye kuwa, mafitsararsu kan lalace. Shi ya sa da Amurka ta amince da esketamin, wadda ake fesawa a hanci, a 2019, aka shar'anta a ba da ita a asibiti kawai, a sa wa mutum ido na awa biyu. Kuma ba kowane mai toshe wannan ƙofa ke aiki ba: an gwada memantin, bai yi ba.

Don haka kada ka sayi ketamin a kemis, kada ka bari a yi maka ita a gida, kuma kada ka ajiye maganinka. In ka cika mako shida ba sauƙi, dawo ka gaya wa likitan ƙwaƙwalwa. In tunanin kashe kai ne, kada ka jira ranar ganin likita. Ka zo sashen gaggawa a ranar, tare da wani ɗan'uwanka.