Ƙadangarun da Ba Su da Uba

Kowane yaro a Unguwar Lalle ya san ƙadangare. Namijin shi ne jan-gwada mai jan kai, macen kuwa ƙarama ce mai launin ƙasa. Sai sun haɗu sannan ƙwan da ta binne zai ƙyanƙyashe.

Amma akwai waɗansu ƙadangaru a duniya waɗanda duk mata ne, babu namiji ko ɗaya a cikinsu. A shekarar 1958 wani masani, Ilya Darevsky, ya ba da labarin irinsu a duwatsun ƙasar Armeniya. Daga baya aka sami waɗansu a jihar New Mexico ta Amurka. Macen takan yi ƙwai ita kaɗai, 'ya'yan su fito mata, kamarsu ɗaya da uwar.

To, ina asalinsu? Ku tuna da alfadari. Ubansa jaki, uwarsa goɗiya, watau ruwa biyu ne. A cikin jikin kowace dabba akwai waɗansu zarurruka ƙanana ƙwarai masu ɗauke da gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Doki yana da 64, jaki 62, alfadari kuwa 63.

Da masana suka duba na ƙadangaruwar New Mexico, sai suka ga 46 ne. Guda 23 sun dace da na wani ƙadangaren hamada, sauran 23 kuma da na wani mai zane a baya, mazaunin ciyayi. Akwai kuma wani ɗan gado wanda daga uwa kaɗai ake samunsa, shi ya nuna cewa na hamadar ne dangin uwa. Ashe ita ma ruwa biyu ce! Bambancinsu shi ne alfadari ba ya haihuwa, ita kuwa tana yi. A 2011 masana a birnin Kansas suka ba da labarin yadda suka haɗa iri biyu da kansu, suka sami mata waɗanda suka ci gaba da haihuwa ba namiji.

Irin wannan zuriya takan yaɗu da sauri, gama kowace ɗaya uwa ce. Amma akwai haɗari. Rogon da aka dasa daga itace guda duk halinsa ɗaya ne, cutar da ta kama tushe ɗaya tana iya cinye gonar. Haka su ma.

Tambayoyi
1. Su wane ne iyayen alfadari?
2. Yaya aka gane dangin uwar ƙadangaruwar New Mexico?
3. Don me manomi ba ya dogara ga iri guda?