Amsar Tambaya: Matashi da Allurar Ƙari ta Korona

Malam, ka tambaya ko ɗan shekara 25 mai ƙoshin lafiya ya cancanci allurar ƙari. Na'am, bisa ƙa'idar shekarar 2021, ya cancanta. Ko da yake da farko dattawa da ma'aikatan asibiti aka ba wa fifiko wajen allurar Korona, saboda haɗarin annobar ya fi tsananta a kansu, hukumomin lafiya na Nijeriya sun halatta allurar ƙari daga 10 ga Disamba 2021 ga duk wanda ya cika shekara 18, bisa sharaɗin wata shida sun shuɗe bayan allura ta biyu, ko wata biyu ga wanda ya karɓi allurar Johnson & Johnson, domin garkuwar jiki takan raunana sannu a hankali. Ka riƙo katin allurarka, ma'aikaciya sai ta duba kwanan watan da ke ciki.