MA'AUNIN LITTATTAFAN LABARI: DARASI GA SAMARI MUSULMI

 

Ya kai ɗan'uwa saurayi, darasinmu na yau a kan littattafan labari ne, waɗanda a ke kira littattafan soyayya. Wataƙila ka ce ai wannan harkar 'yan mata ce. To, ba haka ba ne. Kai ma kana karantawa a waya, kana saurare a rediyo, kuma ƙanwarka da yarinyar da za ka aura da su su ka tashi. Saboda haka wajibi ne ka san yadda a ke auna su.

Ka sani ƙagaggen labari da boko ba jiya ya fara ba. A 1933 aka shirya gasa a Zariya ƙarƙashin Rupert East, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma samari da 'yan mata su ka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yana cikin waɗanda su ka fi shahara. A 2007 hukuma ta ƙona waɗansu littattafai a Kano, amma rubutun bai tsaya ba. Yanzu ya koma WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda babu mai tace maka. Ke nan rariyar ta dawo hannunka.

Mutane biyu sun yi kuskure a nan. Na farko ya ce duka haramun ne, alhali ko ɗaya bai buɗe ba. Na biyu kuwa duk abin da aka ba shi haɗiyewa ya ke yi. Dukansu ido rufe su ke tafiya. Kai nemi hujja, ka auna da waɗannan ma'aunai biyar:

1. Dubi ƙarshen mai laifi. Ambaton ɓarna a labari ba shi ne aibi ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin hassadar 'yan'uwa da makirci, ta kuma nuna inda kowa ya ƙare. Ba muna haɗa maganar Allah da ƙagen mutum ba ne, hanya mu ke koyo. Ɗauki Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, daga baya dukiyarsa ta salwanta. Mai karanta wannan zai ji tsoron zalunci. Amma littafin da fasiƙi ya ci riba, aka tafa masa, to guba ce cikin zuma.

2. Dubi inda marubuci ya daɗe. In ya wuce zancen sulhu da zumunci da layi biyu, sa'an nan ya ɓata shafi biyar yana siffanta jikin mace, ai ka gane hajar da ya kasa. Tambayi kanka: zan iya karanta wannan shafi da ƙarfi a gaban mahaifina? In amsar a'a ce, rufe shi.

3. Tambayi sana'ar jarumin. Sau da yawa za ka ga yaro ɗan shekara 25 da gidan bene da motoci, ba a taɓa nuna maka ranar da ya yi gumi ba. Wannan ƙarya tana da illa. Ita ke sa saurayi ya raina ɗinki ko kafinta, ya fara hangen damfara. Ita ke sa yarinya ta raina lefen talaka, aure ya yi tsada.

4. Bincika abin da ya faɗa a kan addini. Wani marubuci zai jefa magana ya ce hadisi ce. Kada ka ɗauka sai ka kai wa malami. Wani kuma matsalar labarinsa ba ta warwarewa sai an je wurin boka. Amma ka yi adalci: littafin da ya soki auren dole ba maƙiyin addini ba ne, don Sunna ta zo da neman izinin budurwa kafin a aurar da ita.

5. Lissafa abin da ya ci maka. Ko da labarin mai tsabta ne, in ya kai ka ƙarfe biyu na dare har asuba ta kuɓuce, ko ya ture haddarka da karatun jarrabawa, to ka sayar da doki ka sayi akala.

Ga aikin da za ka yi. Nemi ɗan littafin rubutu. Duk labarin da ka gama, rubuta sunansa da na marubucin, sa'an nan ka amsa tambaya uku: Me na ƙaru da shi? Ina ya kauce? Zan iya miƙa wa ƙanwata? Ka kawo wa abokanka a majalisa ku tattauna, kowa ya faɗi hujjarsa da lambar shafi. Kada ka zagi marubuci, aikinsa za ka auna. In kuwa Allah Ya ba ka baiwar alƙalami, to rubuta naka mai kyau, don zagin duhu ba ya kunna fitila.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana idanunmu da lokutanmu. Amin.