Amsoshin Tambayoyinku: Gafalar Masu Tsaron Shugabanni a Koriya

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da wasiƙa yana tambaya, wace dabara ce ke rage kurakuran masu tsaron lafiyar shugabanni a Koriya ta Kudu?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Amsarta tana cikin tarihin ƙasar, domin ran 15 ga Agusta 1974, yayin da Shugaba Park Chung-hee yake jawabi a Seoul, wani mai suna Mun Se-gwang, wanda ya iso cikin ƙasaitacciyar mota da shigar manya, ya wuce masu gadin ƙofa da bindiga a jikinsa, har ya buɗe wuta, uwargidan shugaban ta rasu, harsashin wani mai tsaro kuma ya hallaka wata ɗaliba. Wannan gafala ce, wadda asalinta kwarjini da jin nauyin babba, kuma a ganinmu ta fi ƙarancin makami hatsari. Haka nan a Janairun 2024, wanda ya soki jagoran 'yan adawa na wancan lokaci, Lee Jae-myung, a Busan ya kusance shi ne da sunan masoyi.

Maganin, in Allah ya yarda, ƙa'ida ce wadda ba ta duban alfarma, a binciki kowa komai darajarsa, a sauya mai gadi kafin gajiya ta dushe masa basira, sa'an nan a ba ƙaramin ma'aikaci damar bayyana kuskurensa ba da fargabar ukuba ba, abin da ke da wuya ƙwarai a hukumomin da biyayya ga na gaba ta yi ƙarfi.