Idan Ɗanku Zai Fara Aikin Sa Kai a Gona: Shawarwari Bakwai ga Iyali

A gidaje da yawa akwai matashin da ya gama sakandare ko bautar ƙasa, ya ce shi noma yake so, noman da ba ya cinye ƙarfin ƙasa. Ba fili, ba jari. Abin da ya rage masa shi ne ya kai ƙarfinsa gonar wani kyauta, a biya shi da ilimi. Ƙasar da ta san gayya ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Sai dai gayya yini ɗaya ce, a ci tuwo a watse. Wannan kuwa karatu ne, kuma in iyaye ba su sa ido ba, ƙwadago zai koma babu ko sisi.

1. Ku zaɓi manomi kafin ku zaɓi gona. Faɗin fili da yawan tarakta ba su ne ma'auni ba. Maigida ya je da kansa, kuma da rani, lokacin da babu ganyen da zai rufa wa gona asiri. An banka wa kara wuta ne, ko an bar shi ya lulluɓe ƙasa? Akwai gawo a ciki? Ina ake kai kashin dabbobi? Ku tambayi mai gonar abin da ya shuka a fegin bara da bara waccan. Wanda yake sauya gero da wake da gyaɗa malami ne. Wanda amsarsa masara ce duk shekara, sayen takin zamani kawai yaro zai koya a wurinsa.

2. A yi magana a fili, gaban shaida. Kwana nawa a mako? Wa zai ciyar? Kuɗin mota fa, da na magani in an ji ciwo? Yaushe aikin zai ƙare? Kunya ce ke hana mu irin waɗannan tambayoyi, daga baya kuma ta haifar da rigima. Mai unguwa ko sarkin noma ya isa shaida. In 'ya mace ce, lambun ƙungiyar mata da ke kusa da gida ya fi dacewa a fara da shi.

3. Ya yi shekara cur. Daga sharar gona da kai taki, zuwa shuka, noman firi, maimai, girbi, sussuka, har ranar da za a kai hatsi kasuwa a ji farashi. In kaka ta wuce, ya gangara fadama ya ga noman rani, irin na Kadawa da Kura.

4. Ku tabbata ya iya abubuwa uku da hannunsa. Na farko sassaben zamani, wanda ya samo asali a yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980, inda wani masanin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara saiwarsu na nan da rai. Aikin ba ya buƙatar komai sai wuƙa mai kaifi. A tsuguna gaban kututturen kalgo ko sabara, a zaɓi tofo mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran, a rage rassan ƙasa, a hana akuya kai baki. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba. Gawo kuwa a bar shi ko ta halin ƙaƙa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ga ƙasar gindinsa da albarka.

Na biyu tassa, ramukan da ake haƙawa da rani a faƙo, faɗin kamar taƙi ɗaya, a tara ƙasar ta ɓangaren gangare, a zuba taki cikin tafin hannu biyu. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu. Da wannan dabara marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya yi suna, har shi da Rinaudo suka sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Aiki ne mai karya baya, kada a ɓoye wa yaro.

Na uku haɗa takin gargajiya a rami: kara da ganye, kashin dabbobi, toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi.

5. Ku saya masa littafi da biro. Ranar ruwan shuka, sunan iri, kuɗin da aka kashe, dami ko buhu nawa aka samu, fegin da wuta-wuta ta addaba. Duk mako wani a gida ya karɓa ya duba, ko da uwargida ce a bakin murhu. A ganina wannan littafi, tare da takardar shaida daga mai gonar, ya fi hotuna ɗari a Facebook amfani ranar neman aiki ko rance.

6. Lafiya gaba da komai. Dogon takalmin roba saboda maciji, musamman da kaka, da allurar rigakafin tetanus. Kada ya yi feshi fuska a buɗe ko iska na kaɗowa gare shi, kada kuma jarkar magani ta shigo gida ta zama ta ruwan sha. Wajen adana wake, ya koyi amfani da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwaro da rashin iska, ba sai an zuba guba a abinci ba.

7. Tun yana can a fara shirin gaba. Ya saba da malaman gona na hukumar jiharsa, kamar KNARDA a Kano, ya san irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitarwa, su SAMPEA na wake da SAMMAZ na masara. Na Nijar kuma su nemi cibiyar binciken noma ta ƙasarsu, INRAN. Mai son takardar karatu akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da Cibiyar Songhai a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin, wadda tun 1985 take horar da matasa haɗa noma da kiwo da kifi a wuri guda. Amma kafin duk wannan, maigida, yanka masa gayauna, ko da kadada kwata ce, abin da ta bayar nasa ne, asara ma tasa ce. A yi hakan kafin ruwan shuka ya sauka.