Me ya sa wayar shagona take zafi?

Wani mai shagon shadda a Kantin Kwari ya aiko da tambaya: soket ɗinsa ya yi baƙi, waya tana zafi, yana jin warin roba, alhali wutar KEDCO ba ta ma cika zuwa da ƙarfi ba. Daga ina zafin yake fitowa?

Alhaji, kashe wannan soket yau, kafin mu shiga bayani. Duk wanda ya ga abin da gobarar watan Maris na 2016 ta yi wa kasuwar Sabon Gari ba zai raina warin roba ba, balle a shagon da dilolin atamfa da leshi suka kai rufi.

Ɗauki waya tamkar layi a cikin Kwari ana gab da sallah. Turawar da jama'a ke yi daga baya ita ce bolt, kuma wutar gida a Najeriya wajen bolt 230 ce. Yawan masu wucewa shi ne amfiya. Matsin layin kuwa shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idar a 1827: raba bolt da om, ka sami amfiya. Aikin da wutar ke yi shi ne wat, wato bolt sau amfiya.

To yi lissafin da kanka. Dutsen guga mai wat 2000, raba da 230, yana jan kusan amfiya 9. Hitar dafa shayi mai wat 1500 tana jan 6 da rabi. Ka haɗa su a jona ɗaya, an haura 15, alhali filogi mai ƙafa uku iyakarsa 13.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane ba su san yadda zafin ke hauhawa ba. Idan amfiya ta ninka biyu, zafin waya sau huɗu yake ninkawa. Idan ta ninka uku, sau tara. Siririyar waya ta fi turjiya, haka ma wurin da aka murɗa wayoyi aka naɗe da leda, ko ƙusar soket da ta saki. A nan zafi ke taruwa, a ɓoye bayan kaya.

Raunin wuta ma ba kariya ba ne. Idan bolt ya faɗi, sitabilaiza takan ƙara jan amfiya don ta cike giɓin, injin firji da na esi kuma su yi ta nishi suna zafi.

Duba bayan kowace na'ura, an rubuta wat ɗinta. Haɗa jimla, ka raba da 230. Ka kira ƙwararren mai gyaran wuta ya sa wa soket wayar tagulla mai kaurin 2.5, a bar wa fitilu 1.5, esi kuma a ja masa layinsa daban. Idan fis ya ƙone, don Allah kada yaron shago ya ɗaura waya a madadinsa. Fis ya mutu ne don shago ya tsira. Ka janye yadi daga jikin soket. Kafin a rufe kasuwa da yamma kuma a kashe babban makunni, domin wuta takan dawo cikin dare, lokacin da babu kowa a layin.